Sifili Biyu a Gaban Ɗaya

Shekara talatin da huɗu ya yi yana auna kogi. A jikin ƙafar gada akwai wani dogon farantin ƙarfe mai zanen lambobi. Kowace safiya yakan sauka matakala goma sha tara, ya dubi inda ruwa ya tsaya a jikin farantin, ya rubuta a littafi, ya hau. Ƙarfe bakwai daidai. Mai gyaran keken bakin gada da shi yake saita agogonsa, kuma shi ya fara kiran sa Bakwai. Sunan ya bi shi har gida.

Karatunsa bai yi nisa ba. Injiniyan da ya ɗauke shi aiki ya ba shi takarda mai gidaje uku na lambar rana, ya ce kada ya kuskura ya bar gida ko ɗaya babu komai, don gidan da aka bari wani zai zo ya cika shi da abin da ya ga dama. Saboda haka ranar farko ta shekara Bakwai yakan rubuta 001, ta ashirin da ɗaya 021, haka har 365. Takardun hukuma suka ƙare, injiniyan ya mutu, shi kuwa ya ci gaba da sayen littafi yana ja masa layi da kansa, gidaje uku uku. Akawun ofis sun sha yi masa dariya. Suka ce sifilin da ke gaban lamba ba shi da wani amfani, ko ɗan firamare ya san haka. Ya ce ya ji. Washegari ya rubuta 047.

A cikin littattafan talatin da huɗu, rana ɗaya ce babu awo. Rana ta 214 a shekarar babbar ambaliya. Ran nan naƙuda ta kama matarsa, ruwa ya datse hanya, ƙarfe bakwai ta same shi a barandar asibiti da wando jiƙe har gwiwa. Aka haifi Auta. Mai gyaran keke ya ce shi ya leƙa farantin, zai iya faɗa masa lambar ya rubuta, wa zai sani? Bakwai ya ja layi a gidan awon, ya rubuta a gefe: ban je ba. Matarsa takan ce rana ɗaya tak ya zaɓe ta a kan kogi, kuma har yau bai gama nadama ba.

Da ya ajiye aiki aka kafa na'ura a madadinsa. Ruwa ya tafi da ita sau biyu. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya tambaye shi ko an sami labarin na'urar. Littattafan kuwa aka kwashe su zuwa cibiyar nazarin ruwa, inda mijin Auta yake aiki.

Wannan surukin nasa mutum ne mai ladabi, mai yawan sunkuyar da kai. Abin da Bakwai bai taɓa ganewa ba shi ne aikinsa. Sau ɗaya ya tambaye shi, tun ana maganar aure. Surukin ya ce shi baƙin allo yake amfani da shi a kwamfuta, babu hoto, babu abin dannawa, sai dai ya rubuta umarni layi ɗaya na'urar ta bi. Ya ce masu bincike suna tara lambobi masu yawan da ido ba ya iya karantawa, shi kuma yana ƙera ƙananan kayan aiki da ke mayar da su hoto mai motsi. Kowane da sunansa da aikinsa. Ɗaya yana share dattin da ke cikin lambobin, ɗaya yana mayar da awon kowace rana hoto guda, na ƙarshe ya jera hotunan ya ɗinke su su yi tafiya.

Bakwai ya saurara har ƙarshe. Da saurayin ya tafi ya gaya wa matarsa cewa mutumin akwati yake ba umarni. Ta ce to madalla, ya sami inda za a bi nasa, don ta san 'yarta.

Wata ranar Litinin da la'asar Auta ta zo gidan ita kaɗai. Ta gaishe su, ta zauna a bakin kujera ba ta ajiye jakarta ba. Uwar ta dube ta sau ɗaya ta ce ta faɗi abin da ya kawo ta.

Auta ta ce cibiyar ta sa mijinta ya haɗa hoton shekarar ambaliya daga littafin Baba, taswirar gari da ruwa yana hawa rana bayan rana. Za a nuna ran Alhamis a gaban manya da 'yan jarida. To an haɗa, sai aka ga abin da ba ya yiwuwa. Ana tsakiyar ambaliya, gari ya nutse, sai kogin ya ƙafe rana ɗaya, washegari ya dawo ya cika. Bayan kwana goma ya sake. Haka yake ta yi kamar mai shaƙuwa. Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Dakta, ya kalla ya yanke hukunci: mai awon yana hutawa duk bayan kwana goma, ya zauna a gida ya rubuta abin da ya zo masa a ka. Ran Alhamis zai faɗa wa taron cewa awon hannu na da ba abin dogara ba ne, za a fitar da shi daga ma'ajiyar cibiyar gaba ɗaya, a nemi sababbin na'urori.

"Ba zai ambaci sunanka ba, Baba," in ji Auta.

"Mutum nawa suka auna kogin a gada?"

Sannan ya tambaye ta tun yaushe mijinta ya sani. Ta ce kwana biyar ke nan, ya kasa cin abinci, ya kasa zuwa. Bakwai ya ce rashin cin abinci bai taɓa gyara lamba ba. Ya tashi ya ce wa matarsa ta goge masa rigar nan mai ruwan toka.

Washegari ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar cibiyar. Mai gadi ya ce ba a buɗewa sai takwas da rabi, kuma ko an buɗe ba a samun kowa sai tara. Ya miƙo masa benci. Bakwai ya ce yana iya tsayuwa.

Ofishin surukin yana hawa na uku. Ya ƙirga matakala, hamsin da huɗu. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, tebur biyu, igiyoyin wuta a ƙasa kamar an zubar da su, da kofi mai busasshen shayi a gindi. Surukin ya miƙe da sauri har kujerarsa ta bugi bango, ya rusuna ya gaishe shi, ya sake gaishe shi. Bakwai ya amsa sau ɗaya. Idonsa yana kan kwali biyu da ke ƙarƙashin tebur, littattafansa ne a ciki. Guda uku ba sa cikin kwalin. An jera su a kan tebur an ɗora allon kwamfuta a kansu don ya yi daidai da idon mai aiki. Surukin ya ga inda yake kallo.

Ba a jima ba Dakta ya shigo, labari ya kai masa. Dogo ne mai fara'a, da waya biyu a hannu ɗaya. Ya riƙe hannun tsohon da nasa ɗayan, ya kira shi babanmu, ya ce cibiyar nan kaf a kan kafaɗar irinsu take tsaye. Ya ce kada Baba ya ɗauki abin da zafi. Babu wanda ya ce ƙarya ya yi. Gajiya ce, kuma ɗan Adam ne. Wa zai iya sauka gindin gada kullum shekara da shekaru, ga ruwan sama, ga ciwon baya, ga albashin da ba ya kai wata? Shi da kansa da shi ne da ya fi haka hutawa.

"Ka buɗe littafin?" in ji Bakwai.

Dakta ya yi murmushi. Ya ce an wuce zamanin buɗe littafi, lambobin duk an shigar da su na'ura, kuma na'ura ba ta da son kai, ba ta san kowa ba. Ya ce wa surukin ya nuna wa Baba ya gani da idonsa.

Surukin ya rubuta layi ɗaya a baƙin allon. Taswirar gari ta fito, ga gada, ga kasuwa, ga asibiti, kogin siriri shuɗi a tsakiya. A kusurwa akwai tsayin ruwa da mita. Hoton ya fara tafiya. Tun daga farko yana ɗan tsalle, amma sai da damina ta kankama abin ya fito fili. Shuɗin ya haye gaɓa, ya shiga kasuwa, ya kama hanyar asibiti. Sai fau, ya koma siriri. Kafin a ƙifta ido ya dawo ya rufe gari. Ya sake. Ya sake. Can wajen ƙarshe kogin ya kwanta shiru ya daɗe a ƙafe, kamar ya gaji da wasan.

Dakta ya buɗe hannu, irin na wanda abin ya fi shi ciwo. Wayarsa ɗaya ta yi ƙara. Ya ce a ba Baba shayi, zai dawo, ya fita.

Aka bar su da ƙarar fanka. Bakwai ya jawo kujera ya zauna, karo na farko tun safe. Ya san kogin nan bai ƙafe ba. Ya san bai huta ba. Amma ga shi a allo, da launi, yana motsi, kuma ya lura abin da ke motsi a allo mutane sun fi yarda da shi a kan tsoho mai riga ruwan toka.

Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce wannan abin ana iya tsayar da shi? Surukin ya ce ana iyawa. Ya ce to a tsayar masa a inda kogin ya ƙafe, a karanta masa lambar kusurwa. Surukin ya tsayar. Mita ɗaya da arba'in da biyu. Na gaba, ɗaya da arba'in da ɗaya. Na gaba, haka nan arba'in da ɗaya. Na gaba, arba'in.

Bakwai ya juya lambobin a ransa. Mai ƙirƙirar lamba daga ka ba ya sauka santimita ɗaya ɗaya haka. Wannan saukar ya san ta, saukar kogi ce a rani, a hankali, kamar tsoho a matakala. Ya nuna littattafan da ke ƙarƙashin allon.

"Na tsakiya. Ciro shi."

Surukin ya ɗaga allon da hannu ɗaya, ya zaro littafin, allon ya karkace. Bakwai ya hura ƙurar bangon, ya buɗe shafin farko, ba na damina ba. Ya bi da yatsa. 021, ɗaya da arba'in da biyu. 022, arba'in da ɗaya. 023, arba'in da ɗaya. 024, arba'in. Ya juya littafin ya tura gaban surukin.

"Ruwan watan farko ne. Me ya kai shi tsakiyar damina?"

Surukin ya dubi littafin, ya dubi allon. Ya rubuta wani gajeren umarni, sunayen hotunan suka zubo a jere fari a kan baƙi, yadda na'urar ta jera su kafin ta ɗinke. Bakwai ya matso da fuskarsa. Boko ba ya karanta shi da sauri, amma lamba ba ta ɓoye masa. 207, 208, 209, sai 21, sai 210. Can ƙasa 219, sai 22, sai 220.

"Ina sifilina?"

Surukin ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Da ya yi magana muryarsa ƙasa ƙasa take. Ya ce kayan aikinsa na farko, mai share datti, shi ya koya masa ya cire duk sifilin da ke gaban lamba, don ya ga ba su da amfani, suna cika wuri. Na ƙarshen kuma, mai jerawa, ba ƙirga yake yi ba. Sunaye yake jerawa harafi bayan harafi, kamar rajistar makaranta. A wurinsa 21 da 210 'yan gida ɗaya ne tunda da biyu da ɗaya suka fara, sai ya zaunar da su kusa da juna. Da sifilin yana nan, da 021 ta tsaya can farkon shekara inda take.

"Wato akwatin bai iya ƙirga ba."

"Yana iyawa, Baba. Ni ne ban ce masa ya ƙirga ba."

Bakwai ya tambaya gyaran kwana nawa zai ɗauka. Surukin ya ce layi ɗaya ne. Ya rubuta, ya danna, sunayen suka sake zubowa, 001, 002, 003, kowace da gidajenta uku. Tsohon ya duba agogo. Abin da ya hana mutum cin abinci kwana biyar bai kai minti ɗaya ba. Ya ce tunda hannunsa na kai, ya sa lambar rana a kusurwa kusa da tsayin ruwa, don wanda zai kalla ya san inda yake. Surukin ya sa. Suka jira na'urar ta sake ɗinki. Shayin da aka kawo ya huce a inda aka ajiye shi.

Wannan karon kogin ya yi halin kogi. Ya sauka a rani, ya kwanta, ya fara tasowa. Bakwai ya ga ranar da ya taɓa matakala ta goma, ranar da ya ci ta biyar, ranar da shi kansa ya karanta farantin daga saman gada yana riƙe da ƙarfe. Bai san abin zai taɓa shi ba. Ya gyara zama ya yi tari.

Sai ya ɗaga hannu. Ya ce a koma baya kaɗan. Kaɗan kuma. Nan.

A kusurwa an rubuta 214, mita shida da talatin da ɗaya.

"Wa ya auna wannan?"

Surukin ya ce akwai wani ƙaramin kayan aiki a tsakiya, mai cike gurbi. In ya tarar da rana babu awo sai ya ɗauki na jiya da na gobe ya raba biyu ya sa, don kada hoton ya yanke. Kowa haka yake yi, in ji shi, ba laifi ba ne a aikin.

Bakwai ya buɗe littafin ya nuna masa layin da ya ja shekara ashirin da tara da suka wuce, da kalmomi ukun da ke gefe. Ya ce shi aka ce yana zama a ɗaki yana ƙirƙiro lamba. Ga mai yin hakan nan a kan tebur, da fanka a kansa.

"Cire."

"Baba, in na cire, allon zai yi baƙi a wurin. Zai ƙifta."

"Ya ƙifta."

Surukin ya cire. Bai tambayi dalilin rashin zuwan ba, don ya san ranar haihuwar matarsa.

Wajen sha ɗaya Dakta ya dawo yana ba da haƙuri. Aka kunna masa. Wayarsa ta ɗauke masa ido sau biyu, ƙiftawar ta wuce bai gani ba, amma ya ga kogin ya daina shaƙuwa. Fuskarsa ta washe. Ya dafa kafaɗar surukin, ya ce aiki ya yi kyau. Wato an zauna da Baba an gyara lambobin da suka kauce, ko? Ya ce haka ma ya fi, sai a faɗa wa taro cewa cibiyar ta tace tsohon awo da sabuwar dabara ta ceto abin da za a iya ceta. Kowa ya fita da mutuncinsa.

Ƙofa ce a buɗe, kuma Bakwai ya gan ta. Gyaɗa kai ɗaya ya ishi surukin. Shi kuwa in ya buɗe baki, mijin 'yarsa zai kunyata a gaban shugabansa, ya koma gida ya tarar da Auta. In ya yi shiru, ran Alhamis za a ce an wanke masa littafi kamar rigar yaro. Ya ɗora hannu biyu a kan littafin, ya kafa wa taga ido. Ya yanke ba zai ce komai ba. Bai taɓa roƙon kowa ya faɗi gaskiya ba, ba kuma zai fara da suruki ba.

Fanka ta juya, ta juya.

"Ba a taɓa lambar Baba ko ɗaya ba, Dakta," in ji surukin. "Daidai suke tun farko. Ni na cire sifilin da yake sawa a gaban ranaku, hotunan suka hargitse. Laifin kayan aikina ne, kuma ni na rubuta su."

Dakta ya sauke hannunsa daga kafaɗar. Ya sa aka yi masa bayani sau biyu. Ya ce sifili? Sifilin gaba? Ya ce ai jawabinsa na Alhamis shafi tara ne, an riga an buga, kuma shafi shida a kan rashin ingancin awon hannu suke. Ya dubi surukin irin kallon da ke nufin za su haɗu daga baya. Sannan ya dubi tsohon, ya dubi kwalayen da ke ƙarƙashin tebur, kamar yanzu aka shigo da su. Ya tambaya shekara nawa ne a ciki. Aka ce talatin da huɗu. Kullum? Bakwai ya ce ban da rana ɗaya. Dakta bai ji wannan ba, ya riga ya fara lissafin wani abu a ka. Ya ce a samo wa littattafan nan kabad mai makulli yau ɗin nan, wa ya bar su a ƙasa?

Da ya fita, surukin ya tsaya yana jiran abin da zai biyo baya. Bakwai ya miƙe ya gyara rigarsa. Ya nuna sauran littattafai biyun da allon ke zaune a kansu, ya ce a nemo bulo. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce in an tashi aiki ya biya ta gida, shi da matarsa. Ya ce ya ji an ce ba ya cin abinci.

Ran Alhamis zauren ya cika. An ba su kujeru a layi na biyu, Bakwai a tsakiya, matarsa a dama, Auta a hagu. Surukin yana can gefe da kwamfutarsa. Dakta ya yi jawabi shafi tara. Ya ce cibiyar tana da wata taska da babu irinta, awon hannu na shekara talatin da huɗu, wanda shi da kansa ya daɗe yana faɗa kada a yi wasa da shi. Ya ce na'ura tana kuskure, amma idon mutum mai amana ba ya yi. Duk da haka a shafi na tara ya nemi sababbin na'urori. Ya kira Bakwai ya tashi a gan shi. Tsohon ya tashi rabi, ya koma ya zauna tun ba a gama tafi ba.

Aka rage fitilu, taswira ta fito. A kusurwa 001, 002, 003. Mutane suna nuna unguwanninsu da yatsa, wani yana cewa ga gidan kakarsa can ruwa ya ci. Shuɗin ya haye kasuwa, ya kama hanyar asibiti. 212, 213. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya dawo. 215.

Dakta ya waiga ya harari mai kula da majigi. Mai majigin ya duƙa yana taɓa igiya. Sauran mutane ba su ma lura ba.

Auta ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Uwar ta matso kusa da kunnen mijinta.

"Malam, wannan baƙin ni ce?"

"Ke ce."

"Shekara talatin da huɗu, rabona ƙiftawar ido."

Bai kalle ta ba, idonsa na kan kusurwar allo inda ranaku ke wucewa uku uku.

"An dai rubuta daidai," in ji shi.